Kalankuwa A Cikin Kwamfuta

A wannan mako za mu ɗan kau da kai daga rigimar manya, mu leƙa ajin makarantar sakandare, ko da yake in kun bi ni a hankali za ku ga ba mu yi nisa da maganar mulki ba. Abin da ya kawo zancen shi ne wata dabara da waɗansu malaman adabi na Amurka da sauran ƙasashe masu magana da Turanci suka ɓullo da ita. Watau akwai wani wasa a intanet inda kowane yaro yake zama shugaban ƙasa, su kuwa malaman sai su riƙa amfani da shi wajen karantar da littattafan da ke ba da labarin ƙasashen da mulki ya lalace. Ni a ganina dabarar za ta yi mana amfani, musamman a nan Maiduguri, amma dalilinmu dabam ne da nasu, kuma hatsarin da ke ciki a wurinmu ya fi nasu girma.

Bari mu fara da shi wasan. Sunansa NationStates. Wani marubuci ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Max Barry ne ya ƙirƙiro shi a watan Nuwamba na shekarar 2002, kuma ba don ilmantar da kowa ya yi shi ba, talla ce kawai ya shirya wa littafinsa mai suna Jennifer Government, wanda ya fito a 2003. A cikin littafin nan ya zana wata duniya inda 'yan kasuwa suka cinye gwamnati, aka soke haraji, 'yan sanda suka zama na haya, har ya kai kowane mutum sunan kamfanin da yake yi wa aiki shi ne sunan zuriyarsa. To, sai talla ta fi hajar kasuwa. Yau sama da shekara ashirin ke nan ana wasan, da yawa daga masu yin sa ma ba su taɓa buɗe littafin ba.

Yadda ake yi kuwa ba wuya. Ba kuɗi ake biya ba, ba kuma hotuna ne masu motsi da harbe-harbe ba, karatu ne zalla. Mutum zai raɗa wa ƙasarsa suna, ya zaɓa mata tuta, da kirari, da sunan kuɗinta, da dabbar da za ta zama alamarta. Daga nan sai a fara kawo masa ƙararraki, bayan kowaɗanne 'yan sa'o'i a kawo ɗaya. Kowace ƙara tana zuwa da mashawarta biyu ko uku ko fiye, kowa yana jan ruwa zuwa gonarsa, kowa kuma da hujjarsa mai daɗin ji. Ƙarar farko da akan fara da ita ita ce: shin a tilasta wa mutane jefa ƙuri'a, ko a bar kowa da ra'ayinsa, ko kuwa a soke zaɓen ma gaba ɗaya a huta? Shugaba zai zaɓi shawara ɗaya, ko ya yi watsi da ƙarar. Da ya zaɓa sai ta zama doka, nan take a nuna masa abin da ta haifar: wannan ya ƙaru, wancan ya ragu, ga kuma kanun labaran da jaridun ƙasarsa suka buga. Irin waɗannan ƙararraki sun fi dubu, mafi yawansu masu wasan ne da kansu suka rubuta.

Ma'auni uku ake auna kowace ƙasa da su: 'yancin mutum a rayuwarsa ta yau da kullum, da sakin mara a harkar dukiya, da 'yancin siyasa. Da waɗannan ukun ake raba ƙasashe gida 27, kowane gida da laƙabinsa na ba'a. Akwai wanda in an fassara shi zai zama "ƙasar Baba ya fi kowa sani", akwai "kama-karyar mahaukaci", akwai kuma "dimokuraɗiyyar da ba ta ɓata wa kowa rai". Wanda ya yi kwana 28 bai leƙa ƙasarsa ba, sai ta shuɗe. Har majalisar duniya suke da ita. Da fari ma sunan Majalisar Ɗinkin Duniya suka ɗauka ɗungurungum, sai a 2008 ita Majalisar ta gaskiya ta aika musu da takardar lauya ta ce su daina, suka sake suna. Ashe dai ko a birnin New York akwai masu lokacin kishi da wasan yara.

Su kuma littattafan da ake karantarwa da wasan, Turawa suna kiran irinsu distofiya. Asalin kalmar daga wani littafi ne da Thomas More ya rubuta a 1516, mai suna Utopia, inda ya siffanta wani tsibiri da kome yake tafiya daidai. Distofiya kishiyar wannan ce. Mu sai mu ce labaran ƙasar ƙunci: marubuci ya dubi wata cuta da ya hango a zamaninsa, ya ƙaga ƙasar da cutar ta gama cinyewa, don ya tsoratar da mutane tun ba a kai can ba. Aldous Huxley ya yi nasa a 1932, inda aka mallake mutane da jin daɗi da ƙwayar sa maye, ba da bulala ba. Ray Bradbury ya yi nasa a 1953, inda aikin 'yan kwana-kwana ya koma ƙone littattafai. Amma sarkin fagen shi ne George Orwell, wanda ya san mulkin danniya ta ciki, domin ya yi aikin ɗan sandan mulkin mallaka a ƙasar Bama ta Asiya daga 1922 zuwa 1927. Shi ya rubuta Animal Farm a 1945, da Nineteen Eighty-Four a 1949, ya rasu a farkon 1950.

Mu Hausawa ba baƙin Orwell ba ne. Tun 1975 Malam Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da Animal Farm zuwa Hausa da sunan Gandun Dabbobi, kuma bai tsaya ga fassara kalma da kalma ba, sai da ya sa wa dabbobin sunayen gida. Manomin da aka kora shi ne Nomau. Aladen da ya ƙwace mulki shi ne Maitumbi, abokin hamayyarsa da aka fatattaka Ɗantulu, mai zaƙin bakin da ke juya ƙarya ta zama gaskiya Karambana, ingarman dokin da ya kashe kansa da aiki aka sayar da shi da ya tsufa kuwa Akawal. Iyayenmu da yayyenmu da suka yi makaranta a wancan zamani sun san sunayen nan. Ka tambayi ɗan aji biyar na yau, ka ji abin da zai ce maka.

To, me ya sa malamin Amurka yake buƙatar wasa kafin ya karantar da irin wannan littafi? Saboda yaran da ke gabansa yawancinsu ba su taɓa kwana ƙarƙashin dokar hana fita ba, ba su taɓa ɗaga hannu sama a shingen bincike ba. Labarin ƙasar ƙunci a wurinsu kamar tatsuniyar dodo ce. Malamin yana neman hanyar da zai ɗanɗana musu abin da ba su sani ba.

A nan Barno kuwa jiki magayi. Yaron da ke ajin ƙarshe na sakandare a yau, ko dai a cikin rikicin da ya ɓarke a Yuli 2009 aka haife shi, ko yana goye. A farkon 2012 aka bi makarantun firamare na garin nan da dare ana cinna musu wuta. A watan Maris 2014 gwamnatin jiha ta rufe makarantun sakandare, wata guda bayan haka aka sace 'yan matan Chibok, makarantu da dama a cikin gari suka koma masaukin 'yan gudun hijira. A 2017 Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da lissafi cewa tun daga 2009 an kashe malamai sama da 2,295 a Arewa maso Gabas, an raba kimanin 19,000 da gidajensu, an lalata makarantu kusan 1,400. A watan Agusta 2014 Abubakar Shekau ya yi shelar kafa daularsa a Gwoza, aka sauya wa garin suna zuwa Darul Hikma, kamar yadda aka mayar da Mubi Madinatul Islam bayan 'yan watanni. Sai a ƙarshen Maris 2015 sojoji suka ƙwato Gwoza. A littafin Orwell na 1949, ma'aikatar da ke ƙera ƙarya ita ake kira ma'aikatar gaskiya, wadda ake azabtar da mutane a cikinta kuwa ita ce ta ƙauna. Wanda ya tsere da ƙafa daga garin da aka raɗa wa suna gidan hikima, ba sai an yi masa dogon sharhi a kan wannan babi ba.

Saboda haka na san akwai mai cewa: to, ina amfanin koya wa mai ɗaki inda ɗakinsa ke yoyo? Tambaya ce mai kyau, kuma a kanta maganata ta yau ta tsaya.

Abin da yaranmu suka sani shi ne zaman wanda ake mulka. Sun san tsoro, sun san layi, sun san yin shiru. Littattafan ma yawancinsu daga wannan ɓangare suke ba da labari: muna tare da Akawal yana jan dutse, muna tare da ma'aikacin nan Winston Smith yana ɓoye littafin da yake rubuta sirrinsa. Abin da ba su sani ba, mu manya ma kaɗan ne daga cikinmu suka sani, shi ne zaman wanda ke kan kujera. Mun saba ɗauka azzalumi wata halitta ce dabam, da ƙahonsa aka haife shi. Alhali kuwa in ka koma Gandun Dabbobi ka bi shi sannu a hankali, ba ranar da Maitumbi ya tashi ya ce yau zan zama Nomau. Da madara da 'ya'yan itace aka fara, aka ce a bar wa aladu domin su ke aikin ƙwaƙwalwa. Sannan aka ware 'yan kwikwiyo aka ce za a ba su tarbiyya. Sannan aka soke taron ranar Lahadi aka ce ɓata lokaci ne. Kowane mataki da hujjarsa, kowace hujja kuma tana ƙarewa da tambaya ɗaya, ko kuna so tsohon maigida ya dawo. Wasan nan abin da yake yi shi ne ya ɗora yaro a daidai wurin da ake yanke waɗannan ƙananan hukunce-hukunce. Ya zo da niyyar gina ƙasar adalci. An ce masa ɓarayi sun yi yawa, ya yarda a sa ido a kan kowa. An ce jaridu suna tada hankali, ya yarda a tace su. An ce zaɓe yana cin kuɗi. Bayan mako uku ya duba ya ga an liƙa wa ƙasarsa laƙabin kama-karya, shi kuwa bai tuna ranar da ya zaɓi hakan ba. A nan ne malami zai ce masa, to, buɗe babi na biyar.

Mu a garin nan muna da misalan irin wannan hukunci masu nauyi, waɗanda ba a yi su da wasa ba. A watan Yuli 2011 aka hana hawa babur a Maiduguri. Dalili a fili yake, a kan babur ake zuwa a harbe mutum a gudu. Amma a rana ɗaya dubban 'yan acaɓa suka rasa abin kai wa gida. A watan Mayu 2013, bayan an kafa dokar ta-ɓaci a Barno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan wayar salula wata da watanni. Nan ma dalili a fili yake, da waya maharan ke shirya kai hari. Amma mu da muka zauna a lokacin mun san sai mutum ya yi tafiya zuwa wata jiha kafin ya gaya wa danginsa yana raye, kuma ƙauyen da aka auka wa ba shi da hanyar neman agaji. A ƙarshen 2021 gwamnatin jiha ta rufe sansanonin 'yan gudun hijira na cikin gari, tana cewa zaman sansani ba rayuwa ba ce, ƙungiyoyin agaji kuma suna cewa garuruwan da za a mai da mutane ba su gama lafawa ba. Ban kawo waɗannan don in ce zalunci ne ba. Wasu daga ciki, da ni ke kan kujerar, mai yiwuwa abin da zan sa wa hannu ke nan. Na kawo su ne don a ga yadda kowace doka take da wanda ta tsare da wanda ta danne, kuma wanda ke sa hannu ba kasafai yake ganin na biyun ba.

Kada kuma a ɗauka sai mai bindiga a daji ko mai kaki kaɗai ke iya wannan aiki. A watan Janairu 1980, a ƙarƙashin gwamnatin farar hula da aka zaɓa, jami'an shige da fice suka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Barno, ɗan jam'iyyar GNPP, suka tsallakar da shi iyaka zuwa Cadi, wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne. Mutumin da jama'a suka zaɓa, takarda ɗaya ta ce babu shi. Sai da Babbar Kotu a nan Maiduguri ta ce ɗan ƙasa ne, ta kuma umarta a biya shi diyya. A shekarar 1984 kuwa, shekarar da Orwell ya sa wa littafinsa, gwamnatin soja ta kafa Doka mai lamba 4, wadda a ƙarƙashinta aka ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda guda. Aikin Winston Smith a ofis shi ne ya bi tsofaffin jaridu yana goge sunayen mutanen da hukuma ta ce ba a taɓa yin su ba. Malamin da ya haɗa wannan babi da labarin Shugaba Darman, ba zai ga mai gyangyaɗi a ajinsa ba ranar.

Wani abin da ya ƙara mini sha'awar dabarar shi ne, in ka cire kwamfutar, tamu ce tun kaka da kakanni. Duk wanda ya tashi a ƙauyen ƙasar Hausa, ko ya ji daga bakin tsofaffi, ya san kalankuwa. Bayan an kau da amfanin gona, samari da 'yan mata sukan kafa garinsu na kara a fili, su naɗa sarki da waziri da galadima da alƙali da dogarai. Da Turawa suka zo aka ƙara da gwamna da di'o da likita. A kama mai laifi, a kai shi gaban alƙali, a ci shi tara, ana dariya. A fada kuwa akwai wasan gauta, inda matan gidan sarki kan yi shigar sarki da hakimansa su kwaikwayi maganarsu da tafiyarsu da irin hukuncinsu, sarki yana zaune yana kallo. Abin da bafade ba zai iya faɗa ba a zauren fada, kuyanga ta faɗe shi da rawani a ka. Magabatanmu sun gane cewa mulki abu ne da ya kamata a gwada shi da wasa kafin a riƙe shi da gaske. Max Barry bai san kalankuwa ba, amma ita ya gina.

Yanzu kuma ga inda gizo ke saƙa. Wasan da Turanci yake, Turancin ma na barkwanci da habaici, wanda ɗalibin da ke fama da nahawun jarrabawa zai karanta ya ɗauka da gaske ake. Ƙararrakin kuma damuwar mutanen can ce. Akwai waɗanda ba su shafe mu ba ko kaɗan, akwai kuma waɗanda suka taɓa al'amuran tarbiyya da iyaye a nan ba za su yarda a tattauna da 'ya'yansu a aji ba, kuma suna da gaskiyarsu. Masu wasan sun keɓe wa malamai tsari na musamman, inda malami zai buɗe yankin ajinsa ya rufe shi baƙi ba sa shiga, wannan ya rage wata damuwar. Daɗin daɗawa, shi ma'aunin da ake auna 'yanci da shi, mutum ne ya tsara shi da ra'ayinsa. Malami nagari zai mai da wannan darasi: wa ya ce wannan shi ne 'yanci, kuma da Shehu Laminu ko Sarkin Musulmi Bello ne suka tsara ma'aunin, me za su sa a ciki? Malamin da bai shirya ba kuwa, sai yara su ɗauki hukuncin na'ura kamar saukakke.

Sai maganar wuta da kuɗin data. A watan Janairu 2021 aka fasa turakun layin lantarki da ke kawo wuta daga Damaturu, garin nan ya daɗe cikin duhu, har aka gina tashar iskar gas mai ƙarfin megawat 50 da aka buɗe a Maris 2023. Ambaliyar madatsar Alau ta 10 ga Satumba 2024 ta shiga makarantu da gidaje, ta lalata abin da aka daɗe ana tarawa. Wanda zai ce kowane ɗalibi ya riƙa duba ƙasarsa a waya safe da yamma, bai san aljihun iyayen ba. Sai dai tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta kwamfuta zalla, saboda haka akwai ɗakunan kwamfuta a garin nan da ba sa cika sai lokacin jarrabawa. Sa'a ɗaya a mako a irin waɗannan ɗakuna ta isa. In ma ba a samu ba, allo da alli sun wadatar: a raba aji gida shida, kowane gida ƙasa guda, malami ya rubuta ƙara a allo, su yi shawara su yanke, shi kuma ya sanar da sakamako.

Babban hatsarin dai ba na kayan aiki ba ne. A 1967 wani malamin tarihi mai suna Ron Jones a garin Palo Alto na jihar Kalifoniya ya so ya nuna wa ɗalibansa yadda Jamusawa suka bi Hitila. Sai ya kafa musu ƙungiyar wasa da gaisuwarta da takenta da katin shaida. Kafin mako ya ƙare yaran sun fara kai ƙarar junansu, waɗansu daga wasu azuzuwa suna ta shigowa, dole ya rushe abin a rana ta biyar. Wannan fa a garin da ba a taɓa jin ƙarar bam ba ke nan. To, ina ga ajin da maraya wanda 'yan tada ƙayar baya suka kashe mahaifinsa yake zaune kusa da wanda aka tafi da nasa uban bincike bai dawo ba, a bayansu kuma ga wanda yayansa ya shiga daji? Irin wannan aji ba ƙage ba ne. Makarantar da Barista Zannah Mustapha ya kafa a 2007, wadda ta sa aka ba shi lambar yabo ta Nansen a 2017, ta shahara ne da haɗa marayun kowane ɓangare a benci ɗaya. A irin wannan wuri kuskure ne babba a naɗa wani yaro sarki a kan 'yan'uwansa, ko a ce wani ya fito a matsayin wata ƙungiya ta gaskiya, ko a tambayi yaro ya ba da labarin abin da ya gani. Talakawan da za a mulka su kasance na takarda. Ƙasar ta zama ƙagaggiya, da sunan da ba ya kama da na kowa. Hikimar da ta sa Orwell ya sa labarinsa a bakin dabbobi ita ce hikimar da ta sa kakanninmu suka ɗora wa kura da gizo halayen mutane: a bar wa mai sauraro tazarar da zai iya kallon abin ba tare da ya ƙone ba.

Akwai kuma yaron da zai mai da abin gasa, ya ce shi so yake ya zama mafi mugunta a aji don a yi dariya. Wannan ba ya ba ni tsoro ƙwarai, maganinsa alƙalami ne. Kada a manta darasin na adabi ne, ba na koyon sarauta ba. Duk dokar da yaro ya sa wa hannu, ya rubuta a littafinsa dalilinsa, da wanda yake zaton za ta amfana, da wanda za ta cuta. Bayan mako huɗu a yi musaya: kowa ya karɓi ƙasar abokinsa, ya rubuta labari na shafi biyu da bakin wani talaka da ke zaune a cikinta, mai sayar da ƙosai ko malamin makaranta ko direban mota. Sannan a karanta wa mai ƙasar a gaban aji. Mai dariyar nan zai ji yadda dokarsa take a kunnen wanda ta faɗa wa. A lokacin kuma yaran sun rubuta nasu labarin ƙasar ƙunci da hannunsu, sun san me ya sa marubuci yake zaɓar wanda zai ba da labari, me ya sa yake ɓoye wani abu ya bayyana wani. Abin da ake wahalar koyarwa ke nan da dogon bayani a allo.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Masu haƙƙin buga Gandun Dabbobi su sake fito da shi da araha, Ma'aikatar Ilmi ta sa shi a ɗakunan karatu tare da littattafanmu da suka taɓo mulki da ɓarna, irin su Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Malaman harsuna na jami'o'i da kwalejojin horon malamai na garin nan su zauna da malaman sakandare su rubuta ƙararraki talatin ko arba'in da Hausa da Kanuri da Turanci mai sauƙi. Matasanmu masu rubuta manhaja kuwa, tunda abin rubutu ne zalla, ba zai gagare su su sa shi a ƙaramar waya ba. Ba sai an kafa kwamiti an sayi motoci ba.

Don kada a ce na faɗa ban gwada ba, ga ƙara ɗaya na rubuta, irin wadda nake nufi. Kai ne shugaban wata ƙasa. An yi fari, hatsi ya yi tsada, jiya an fasa rumbun gwamnati a babban birni. Shugaban 'yan sanda ya ce a hana taron da ya wuce mutum biyar, har da na biki da na kasuwar dare, na wata uku kacal, in ƙura ta lafa a ɗage. Sarkin kasuwa ya ce in an yi haka ciniki zai mutu, gara a buɗe sauran rumbunan a sayar da rabin kuɗi, ko da baitulmali zai koma fanko kafin damina. Ministan watsa labarai ya ce ba yunwar ce matsala ba, gidan rediyon nan ne da ke faɗin farashin kwano kowace safiya, a rufe shi kawai mutane su samu natsuwa. Wata tsohuwa da ta kutsa fada ba da izini ba ta ce a fara auna abin da ke cikin rumbun gidanka. Dogarai suna jiran umarni a kanta ita ma.

Malaman da suka gwada ta a aji, da ɗaliban da suka yanke hukunci, su rubuto wa wannan fili abin da suka zaɓa da dalilinsu. Za mu buga waɗanda suka samu wuri a mako na uku, in Allah ya kai mu.